Na sa wa na'urar gano ƙarfe abin aika sigina, yanzu ta ƙi daina kuka

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku agaza min, kaina ya kulle. Wata huɗu ke nan ɗankunnen zinariya na mahaifiyata ya faɗi a filin da ke gefen gidanmu. Na kakarmu ne, ita ta bar mata. Tun ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma shirun nan nata ya fi komai ci min rai. Na tankaɗe ƙasar wurin da rariya har sau biyu, babu. Shi ne na zauna na haɗa na'urar gano ƙarfe irin ta BFO, wato mai canza murya in ƙarfe ya kusanci koyil: osileta biyu (da'irori masu samar da sigina mai kaɗawa) da taransista BC547, sai LM386 mai ƙara sauti, koyil ɗin kuma na naɗa shi a murfin bokitin roba mai faɗin santimita 20. Ta yi aiki, tana jin tsabar kuɗi daga nisan yatsa guda. Wayar iyafis ce ta ishe ni, sau uku tana sarƙewa a ƙaya ta tsinke. Sai na samo mai aikawa da mai karɓa na 433 MHz, na haɗa da HT12E mai shirya sigina a ɓangaren aikawa da HT12D mai fassara ta a ɓangaren karɓa, don in riƙa jin ƙarar baza (ɗan abin kuka na lantarki) daga aljihuna. Yanzu da ta ji ƙarfe sau ɗaya shi ke nan, ko na ɗaga koyil sama kukan ba ya tsayawa sai na cire batir. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ina na yi kuskure?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kuskuren tun daga tushe yake. BFO sauraron bambancin da ke tsakanin osileta biyu take yi. In suna gudu a wajen 100 kHz, kaucewar kashi ɗaya cikin dubu kaɗai 100 Hz ce, kunne zai ji ta sarai. Abin da zafin rana ma ke karkatarwa, ka ɗora masa mai aikawa? Ka kwance ta. Ka haɗa mai harba bugu, wato PI, ka sa ƙaramar kwamfutar Arduino da mai aika sigina nRF24L01 a 2.4 GHz. Duk wata hanya ɓata dalma ce.

Ɗalibar lantarki:
Malam mai tambaya, abu biyu ba ka faɗa mana ba. Batir nawa ne ke ciyar da su, kuma a ina ka ɗaura mai aikawan?

Mai tambaya:
Batir ɗaya ne mai bolt 9, sabo fil. Injiniya, na gode, amma wata biyu na yi kafin wannan ta tashi, ba zan iya komawa farko ba.

Ɗalibar lantarki:
To ni a nan nake zargi. Na'urar ta ji ƙarfe, mai aikawa ya tashi ya ja wuta, wutar batirin ta ɗan faɗi, osileta ta kauce, sai na'urar ta ɗauka har yanzu ƙarfe take ji, ta ci gaba da riƙe ƙafar TE ta HT12E, mai ba da izinin aikawa, a ƙasa. Kanta take ji. Ɗora mitar auna wuta a kan batirin lokacin da take kukan ka gani. Ka ba mai aikawa batirinsa daban, ka raba su da PC817, mai isar da sigina ta hanyar haske, yadda haske kaɗai zai tsallaka, ka sa 78L05 mai daidaita wuta da kondensa 100 nF a ɓangaren osileta.

Mai tambaya:
'Yar'uwa, batirin sabo ne fa. Kuma akwatin ya cika, na biyu ba shi da wurin zama, ga sandar ta riga ta yi min nauyi a hannu.

Tsohon mai gyaran rediyo:
Yaro, sabon batir ba ya nufin mai kyau. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin kayan jabu irin na yanzu ba. Kwanan baya na sayi taransista ashirin, bakwai matattu ne tun a leda. Na mayar wa mai kayan, ya ce ni na ƙona su. Ni da na koya wa ubangidansa riƙon ƙarfen soda! Har yau abin na raina.

Mai dalma:
Baba, ai ba kai kaɗai ba. Ni yaron da na koya wa aiki ne ya tafi da mitata, ko sallama babu. Malam mai tambaya, me zai hana ka sa ƙaramin mai aika sauti na Bluetooth a ramin iyafis ka huta?

Injiniya:
Bluetooth? Kada ka soma. Na yau da kullum yana jinkirta sauti har wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. In kana share mita ɗaya a daƙiƙa, kafin ƙarar ta iso kunnenka koyil ya wuce wurin da santimita 20. Ɗankunne yake nema, ba murfin tukunya ba. Mai aptX LL, wato tsarin rage jinkiri, ne ke saukowa wajen milisakan 40, kuma sai duka ɓangarorin biyu suna da shi. Sannan akwai abin da babu wanda ya faɗa: HT12E kunnawa da kashewa kawai ya sani. A BFO kuwa labarin duka yana cikin hawa da saukar muryar. Ƙaramin zinari ɗan lanƙwasa sautin kawai zai yi, bazarka ba za ta ko motsa ba. Ko ka gyara kukan, ka kurmantar da na'urarka da hannunka. Na faɗa, PI da nRF24L01.

Ɗalibar lantarki:
Maganar muryar gaskiya ce, Injiniya. Amma PI ba ta cika jin ƙananan kayan zinariya sosai ba, kuma bugun koyil ɗinta ya fi cin batir.

Injiniya:
Wadda aka haɗa da kyau tana ji. Na haɗa guda huɗu.

Tsohon mai gyaran rediyo:
Ku bar wahalar da yaron nan. Ɗan ƙaramin mai aika FM, taransista ɗaya, ya kama a rediyon aljihu tsakanin 88 da 108 MHz. Muryar na zuwa yadda take, babu jinkiri. Ya dai rage ƙarfinsa iyakar taku kaɗan, ya kuma duba dokar ƙasarsa, kada ya hau tashar mutane.

Mai tambaya:
Na gode Baba, amma na riga na kashe kuɗi a kan na 433 ɗin, kuma a kan tebur sun yi aiki lafiya lau kafin in haɗa su da na'urar. Ni ina ganin eriyar ce. Na karanta cewa santimita 17.3 ake yankawa, tawa ta kai 25. In na rage ta ba zai daina ba?

Ɗalibar lantarki:
17.3 daidai ne, rubu'in zangon 433 MHz ke nan, amma nisan zuwa zai gyara, ba kukan ba. Har yanzu ba ka ce ina ka ɗaura shi ba.

Mai tambaya:
A ƙasan sandar, kamar taƙi ɗaya daga koyil, don a nan ne kaɗai akwai fili. Na naɗe shi da takardar alminiyam saboda kariya.

Mai dalma:
Alminiyam a gefen koyil? Malam, ai ƙarfe ka ajiye mata a baki.

Mai tambaya:
Ai ba ya motsi, kuma na saita ta da shi a wurin. Bari in yanke eriyar tukuna da daddare in gani. Akwai wanda ya san ko baza mai bolt 5 za ta yi a ɓangaren mai karɓa?