Littafin kakarmu ya ce keken ɗinkin nan ba namu ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema.

Bayan rasuwar kakarmu a Gangare, nan Jos, na tsinci wani littafi a ƙasan adakarta, naɗe cikin tsohon zane. Da ajami ta rubuta, don haka malamin Islamiyyar yarana ne ke karanta min. Yawanci lissafi ne: ƙosan da take sayar wa leburorin kuza, zubin adashi, wanda ya ci bashin sisi, wanda ya biya sule. Har canjin kuɗi na 1973 ta rubuta, wai naira biyu aka ba ta a kan kowace fam, kuma ita ba ta yarda da sabon kwabon nan ba. Ni da nake sayar da atamfa ta WhatsApp, duk lissafina na cikin waya, ita kuwa ko taro bai ɓace mata ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne shafin 1966. Lokacin da rikici ya tashi Ibo suna barin gari, maƙwabciyarta, wadda take kira Maman Ngozi, ta kawo mata keken ɗinki Singer da dare, ta ce a ajiye mata. Kaka ta rubuta cewa amana ce. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ta sake rubutawa: ba ta dawo ba. To keken nan yana ɗakin Gwaggo, a rabon gado ma ita aka bar wa. Kawu ya ce in rufe littafin, kar in tayar da zaune tsaye. Ya zan yi?

Malam Sabo: Allah ya jiƙan Hajiya. 'Yata, amana ba ta zama gado, ko ta wanda ba Musulmi ba ce. Da Annabi (SAW) zai yi hijira, Sayyidina Ali ya bari a Makka don ya mayar wa mutane kayan da suka ba shi ajiya. Ku fara nemanta ko magadanta. In kun yi iyakar ƙoƙari ba a dace ba, ku koma wurin malamin da ya raba gadon, ya faɗa muku yadda za a yi da ƙimar keken.

Maman Hanifa: Ni dai kar ki kai maganar nan taron dangi. Ki sami Gwaggo ita kaɗai bayan la'asar, a karanta mata shafin. Ba mamaki ta sani, nauyin baki ne ya hana ta faɗa.

Auwal Bukuru: Anti, fara ɗaukar hoton kowane shafi tukuna, takardar wancan zamanin ba ta jure damshin Jos. Kuma ban da manna mata salatif.

Hajiya Talatu: Neman ba zai gagara ba. Ibo da yawa sun dawo Jos bayan yaƙi, kuma kowane gari nasu na da ƙungiya. Kaka ta rubuta sunan garin matar? In akwai shi, je ki Apata ko wajen masu shaguna a titin Ahmadu Bello, ki nemi dattawansu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya, malam ya duba, akwai wata kalma a gefen shafin, kamar Onica take nufi. Gobe in Allah ya kai mu zan fara zuwa wurin Gwaggo.

Hajiya Talatu: Tafi da littafin a hannu, kuma kar Kawu ya ji kafin ita.