Shawarwari kan gina gida mai cin moriyar rana

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa kan yadda za a gina gida mai cin moriyar rana: kafin a aza harsashi, a san inda rana ke bi. A arewacin duniya faifan sola su fuskanci kudu, a kudancinta kuwa arewa. Tagar yamma a ƙanƙanta ta, saboda zafin la'asar. Wasu sun ƙara da yi wa tagogi rumfa da shafa wa rufi farin fenti.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a rage buƙatar wuta tukuna, sannan a sayi faifai. A bar sarari ƙarƙashinsu iska ta riƙa wucewa, don zafi na rage musu ƙarfi. Faifan kan kai shekara 25, batir ne ke riga su gajiya.