An turo ni koyarwa Wara, wa ya san Ngaski?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum. An yi min canjin wurin aiki daga Birnin Kebbi zuwa Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Ban taɓa wuce Yawuri ba, ga shi ina son tafiya da iyali. Don Allah wace irin ƙasa ce, kuma da me mutanenta suka dogara?

Ɗan Gungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙasarmu za ka zo. Wara a bakin tafkin Kainji take, kuma komai namu da ruwan nan yake tafiya. Mu Gungawa a tsibiran kogin Kwara kakanninmu suka zauna, suna su, suna noman albasa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye garuruwa, aka tayar da sama da mutum 40,000, aka gina musu sabbin gidaje a tudu. Kakata har ta rasu ba ta saba da ɗakin siminti ba. In muna cikin kwalekwale sai ta nuna wani wuri da yatsa, ruwa fetal, ta ce nan turminta yake, can kabarin mahaifinta. Ina yaro ban gane abin da ke sa ta yin shiru bayan haka ba.

Yau dai kifi ne, da albasa, da shinkafa, da gero da dawa a tudu, inda Kambari suka fi yawa. Giwan ruwa ya yi wuya yanzu, an dame shi da raga mai ƙananan idanu.

Baban Hafsat:
Ƙari kaɗan, Malam. Birnin Yawuri, tsohuwar fadar sarakunan Yawuri, cikin Ngaski take, kafin sarauta ta koma Yelwa. Ngaski da Shanga da Yawuri su ne masarautar. Ka kai ɗalibanka su ga ragowar ganuwa.

Hajiya Mai Banda:
Ɗana, ni kifi nake saro wa a Wara. Cefane ba zai dame ka ba, tarwaɗa da karfasa sai wanda ka zaɓa. Amma ka ji ni da kyau: kada ka sa matarka da 'ya'yanka cikin jirgin da aka danƙara wa buhuna da babura. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse a hanyarsa ta zuwa Wara daga jihar Neja, rayuka da yawa suka salwanta. Allah Ya jiƙansu. In babu rigar ruwa, ka jira na gaba.

Malamin Lissafi:
Amin, Hajiya, na ji. Ɗan Gungu, in na iso zan neme ka, ka kai ni wurin da kakarka take nunawa.