Abin da matan Maradi suka tsayar kan karatu da siyasa

Zaman da matan Maradi suka yi kan karatu da siyasa ya haɗa malaman makaranta, ƴan kasuwa da matan asusu, kuma shawarar da ta fi ƙarfi ita ce mace ta san tarihin gwagwarmayarta. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi maci a Yamai don a ba su kujeru wajen shirya Taron Ƙasa, wato babban taron tsara makomar siyasar Nijar, shi ya sa ranar ta zama ta matan Nijar. Dokar kaso ta 2000 ta ware wa mata kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 aka kai shi 25. Wata dattijuwa ta ce: "Ƴaƴana, kada a sa sunanku a jerin ƴan takara don cika lissafi kawai." Ina tare da ita ɗari bisa ɗari.

Aka ce a fara daga asusu. Tsarin Mata Masu Dubara, wato ƙungiyoyin mata na ajiya da rance, a jihar nan ta Maradi ya samo tushe, kuma wadda ta iya riƙe akwatin kuɗi da makullinsa za ta iya tambayar magajin gari inda harajin kasuwa ya shiga.

Batun littattafai kuwa, a riƙa karantawa da ƙarfi bayan zubi, don wadda ba ta yi boko ba ta ji, ta kuma faɗi nata.