Na'urorin da ke taimaka wa tsofaffi masu cutar Parkinson tafiya

Parkinson cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai kawo karkarwa da wahalar motsi, kuma ɗaya daga cikin matsalolinta ita ce daskarewar ƙafa: tsoho ya zo bakin ƙofa, ƙafafunsa su manne da ƙasa kamar an shafa musu gam. Waɗanda suka gwada sun fi yaba takalmi ko sanda mai haska layin leza a gabansa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Sai dai in rana ta take, da ƙyar ake ganin layin. Wasu sun zaɓi abin kunne mai bugun tik-tik da mutum zai riƙa daidaita takunsa da shi, ko mai girgiza a jiki, kodayake wani jikin kan saba da shi.

Kafin a kashe kuɗi, a manna tef a ƙasa a matsayin layin da za a tsallake, a gwada tukuna. Saurin bugun kuma likitan motsa gaɓoɓi ne zai daidaita, sannan kada a daina shan levodopa, maganin da ake ba masu cutar.