Wa ke ƙyallin: ɗigon kabon ko ragowar ruwan girki?

Malam Habibu: Shuɗin ƙyallin da ake alfahari da shi a ɗigon kabon (mitsi-mitsin ƙwayoyin kabon da ake haɗawa a ɗakin gwaje-gwaje) na sinadaran sitirik asid da etilindayamin, mafi yawansa ba na ɗigon ba ne. Na wani ɗan ƙaramin sinadari ne, IPCA, da ke haɗuwa a tukunya ɗaya. Tun 2015 aka gano shi.

Dakta Zulai: Malam, ka yi garaje. Haɗin sananne ne: sitirik giram 1.05, etilindayamin maikurolita 335, ruwa mililita 10, a tukunyar ƙarfe mai cikin Teflon, digiri 200 na awa 5. Na'urar TEM, madubin ganin mitsi-mitsin abubuwa mai aiki da elektiron, tana nuna ɗigon ƙiri-ƙiri, girmansa 'yan nanomita kaɗan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Malam Habibu: Ta nuna akwai ɗigo, Dakta. Ba ta nuna wa ke haske ba.

Auwal: Gyara kaɗan, malamaina: a wajen tacewa ake tafka kuskuren. Matata mai ƙofofin maikuron 0.22 manyan ɓurɓushi kawai take tarewa. Nauyin IPCA bai wuce dalton 180 ba (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne), sumul yake wucewa. Sai an zuba ruwan a jakar dayalisis, wadda ke barin abin da bai kai dalton 1000 ba ya fice zuwa ruwan da aka tsoma ta a ciki, ana canza ruwan waje ana haska shi da fitilar UV ta nanomita 365, har ya daina shuɗi. Awa 24 sau da yawa ba ta isa. Abin da ya saura a jakar kan fito dishi-dishi, shi ya sa wasu ba sa son jira.

Dakta Zulai: Wannan na yarda. Amma dishi-dishin nan na wa? In aka ƙara wuta, kabon ya ƙone sosai, launin ƙyallin yakan bi tsawon zangon hasken da aka haska masa, wato launinsa. Na IPCA ba ya motsi.

Auwal: A hoton ƙwayoyin halitta, inda ake sa ɗigon don su yi haske, abin ya fi ciwo. Shuɗin wajen nanomita 450 yana karo da ƙyallin NADH, wani sinadari da ke cikin ƙwayar kanta. Dole a ɗauki hoton ƙwayoyin da ba a sa wa komai ba, da saitin leza iri ɗaya. Ƙaramin sinadari kuma yakan dushe da wuri a ƙarƙashin leza.

Dakta Zulai: Sai a bar shuɗi, a koma ɗigon fenilindayamin masu rawaya da ja.

Malam Habibu: Can ma ba a tsira ba. Mai rawayan yana haifar da dayaminofenazin, shi ma ƙyalli yake. A fara nuna mana sakamakon HPLC, gwajin rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa, tukuna.