Musayar baitoci: kaskon da aka kife a bakin tasha

Tsuntsun Dare:
Assalamu alaikum. A 2017 mawaƙin Najeriya Romeo Oriogun ya ci kyautar waƙa ta Brunel, wadda ake bai wa mawaƙan Afirka, da baitoci kan mazan da ke son maza a Najeriya. Barazana ta biyo baya, har ya koma Amurka. Abin ya tsaya min a rai. Amsa-amonmu na yau "wa" ne.

Ya faɗi abin da gari ke ɓoyewa,
Yabo na gaba, zagi na biyowa,
Ya bar gida, zuciya na sosuwa,
Baitin dai na nan, ana karantawa.

Malam Na Zaure:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ji ni da kunnen basira.

Addini ya hana, ba ni musantawa,
Ba na yi wa haramun ado da rerawa,
Alƙalami amana ne, gobe akwai tsayuwa,
Me za ka ce ran da gaɓɓai ke shaidawa?

'Yar Mai Koko:
Allah gafarta Malam, ban isa in ja da karatunka ba. Amma bari in faɗi abin da idona ya gani. A Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: shekara 14 a kurkuku ga masu auren jinsi, 10 ga masu ƙungiya. Ba a jima ba samarin unguwarmu suka ɗauka an ba su lasisi.

Akwai ɗan daudu a bakin tasharmu,
Kaji yake soyawa,
Zane a ƙugu, habaici a baki,
Duk mai wucewa sai ya yi darawa.
Almajiri in ya miƙa ƙoƙo,
Da ƙanzo da romo yake komawa.
Ran bikin yayata shi ya tuƙa tuwo,
Har asuba yana kwashewa.
Sai ga samari da gora da dutse,
Waɗanda jiya bashi yake ba su, ba ƙorafi, ba tuhumawa,
Suka kife kaskon, mai ya malale,
Ƙafarsa ta dama tana ƙonewa.
Uwarsa na ɗaki ta toshe baki,
Ko kuka tana tsoron fitarwa.
Malam, wane littafi ya ce a yi haka?
Ni shi nake tambayawa.

Baƙon Andalus:
Yaya, kin sa ni hawaye. Kin tuna min da Lorca, mawaƙin Sifaniya da aka harbe kusa da Garanada a Agustan 1936, farkon yaƙin basasa. Siyasa na ciki, son maza da aka san shi da shi ma na ciki. Har yau ba a gano gawarsa ba.

Sun ɓoye ramin, sun hana ziyarta,
Ƙasa ta haɗiye, ba alamar tonawa,
Ga yara a aji a ƙasar da ta kashe shi,
Baitinsa suke haddacewa.

Malam Na Zaure:
'Yata, na karanta naki sau uku. Matsayina kan aikin yana nan inda yake. Amma na tuna yadda a wancan watan na Janairun 2014 taron jama'a suka yi ta jifan kotun shari'a a Bauchi suna neman a yanke wa waɗanda ake tuhuma da luwaɗi hukuncin kisa, kuma a lokacin ban ce uffan ba.

Hukunci ba na 'yan gora ba ne,
Ba a kafa shi kan zato da jiyowa,
Wanda ya zuba wa ɗan Adam mai,
Shi ma yana da ranar amsawa.
Shirun da na yi ya dame ni yau,
Ina neman Allah Ya yi yafewa.

'Yar Mai Koko:
Na gode, Malam. Ɗazu na leƙa gidan uwar tasa, na karanta mata baitocin nan daga waya. Shekara da shekaru ba ta ambaci sunansa a gaban kowa ba.

Ta ajiye tsintsiya ta zauna a tabarma,
Bakin mayafi tana murzawa,
Ta ce, "'Yar nan, koma wajen tuwon bikin,
A hankali, ina saurarawa."